Gari a Kan Farce

Bayan la'asar Lurwanu ya shigo shagona a Ƙofar Ƙwaya,
rungume da allon injin rijiyarsu cikin buhun siminti.
Ya ce, "Duba mana, Injiniya.
Famfon Rafindadi ya koyi tashin dare.
Ƙarfe biyu sai ya kama gurnani shi kaɗai,
da asuba tanki wayam, mata na kifa bokiti."

Na kunna fitila, na ɗora madubi.
Ga ta nan, baƙa, ba ta kai farcen babban yatsa ba,
ƙafafu jere kamar na shanshani.
Wanda bai sani ba ya ce tsakuwa ce.
Ni na san gari ne,
ƙofofi dubu bisa dubu, lunguna, mararraba.
Wata ƙofar sai mutum biyu sun ƙwanƙwasa,
wata ɗaya ya ishe ta,
wata kuwa ka ce mata i, ta ce maka a'a.

Ganuwarmu sau ɗaya kakanni suka ɗora ta.
Wannan garin, duk aka ɗauke wuta sai ya rushe,
duk aka kawo sai ya leƙa maƙwabta,
"Ina taswirar?"
A miƙa masa, ya tashi sabo fil
kafin ka ƙifta ido.
Ba ya tambayar wa ya zana.
Ba shi da wannan tarbiyyar.

Magina sun bar wata 'yar ƙofa ta baya
don ranar gwaji,
aka gama gwaji, aka loda kwali a jirgi,
babu wanda ya tuna ya liƙe ta.
Makulli? Akwai shi, har da alfahari a takarda.
Amma ka kasa kunne a wayar da take shan wuta,
kurɓarta za ta lissafa maka haƙoransa ɗaya-ɗaya,
yadda ake gane mai taunar aya
ko da zana ta raba ku.

Har isha'i ina bin lunguna.
Sai ga wani da ba na cikin zanen asali,
siriri, ya kewaye mai gadin agogo,
ya ce wa famfo rana ta fito alhali dare ne,
ruwa ya bi tiyo zuwa filin masu buga bulo.
Na jinjina kai. Aiki ne mai kyau.
Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na juya allon.
A bakin ƙofar baya, ɗigon dalma huɗu,
kowane da 'yar wutsiya ta karkata hagu.
Bahago ɗaya na taɓa koya wa riƙon ƙarfen nan.
Mannir.
Shekara uku yana share mini shago,
ina sallamarsa da kuɗin mota da "Allah ya yi albarka."
Ni na nuna masa ƙofar, ina dariya,
na ce, dubi sakacin masu ilimi.

Na mayar da taswira, na sake makulli,
na tsiyaya gam a ƙofar har ta daskare.
Da safe Lurwanu ya ce, "Aljanu ne ko?"
Na ce, "Ɗauki kayanka. Dubu uku."

Abin da ban faɗa masa ba:
rijiya arba'in aka kafa a shekarar nan,
daga Ƙofar Sauri har hanyar Batsari,
kwali ɗaya, makulli ɗaya,
kuma ni gwiwata ba ta hawa tanki yanzu.

Wayata na kan tebur, kusa da dalma.
Lambarsa na nan, ban taɓa gogewa ba.
Shayina ya huce tun ɗazu
ina neman kalmar da zan fara da ita.